Rasuwar Baturiya, Kwamfutar Malam Sharfaddeen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba za a ɓoye ba, iyalan Malam Sharfaddeen, tsohon malamin makaranta a birnin Daura, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu, wadda aka fi sani da Baturiya, bayan jinyar kwana uku.

Marigayiyar ta zo gidan ne a matsayin 'yar gwanjo, shekara guda kafin a ƙaddamar da Shari'a, kuma Shari'ar ta same ta a shirye. Ba ta taɓa kallon fim ba, ko da yake masu tsegumi sun ce ƙarfin buɗe shi ne ba ta da shi. Ta yi haƙuri da wutar NEPA da zafin bazara. In an kunna ta sai ta ce “ƙit!” sau ɗaya, ta yi gurnani, ta kama aiki.

Ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, ba irin na zamani masu biyu ba. Saboda haka tana da mai gadi, wani ɗan ƙaramin ƙarfe a cikinta. In madannai sun yi sallama, ko linzami, wato maus, ko firinta, shi ke amsawa, ya jera su, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Shekara takwas bai taɓa barin baƙo a tsaye ba.

Babbar amanar da ta riƙe ita ce muryar Nagoggo, mahaifiyar Malam. Damina biyu ya yi yana zaunar da tsohuwar gaban makirfo, tana rera waƙoƙin niƙa, tana jero kakanninsu na Sandamu. Bara Allah Ya yi mata rasuwa. Babu kaset, babu faifai, a cikin Baturiya kaɗai muryar take.

Ciwon ajali ya zo ta hannun Ikrima, ƙanen Malam, mai aikin kwamfuta a Kano. Babu wanda ya roƙe shi. Ya zo hutun Sallah ya ce uwar manhajar, wadda suke kira kanel, ta tsufa. Ya zuba sabuwa, ya hau mota bai ko tsaya ya ga tashinta ba. Ashe tun daga masana'anta akwai wani mai gadi na biyu a cikinta, wanda ba a taɓa haɗa wayoyinsa daidai ba. Sabuwar kanel ta sallami tsohon, ta damƙa wa wannan kurman ƙofa.

Daga nan Baturiya ta daina amsa sallama. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma a danna duk abin da za a danna, shiru. Malam ya lallashe ta, ya yi mata faɗa, ya kai mata mari, ya kira wayar Ikrima sau goma sha ɗaya ba ta shiga. A rana ta uku Mati mai gyaran rediyo ya kara kunne a jikinta, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri. Mati bai taɓa buɗe kwamfuta ba a rayuwarsa, amma ya faɗa da tabbaci, har ya ƙara da cewa duk abin da ke cikinta ya tafi tare da ita.

Malam ya yi kuka, kuma shi mutum ne da ba ya son gawa ta kwana. Kafin la'asar ya ɗora ta a amalanken wani ɗan gwangwani, kyauta, don kada ya ƙara ganinta.

Washegari Ikrima ya kira.

“Yaya, ai ba mutuwa ta yi ba! Layi ɗaya za a rubuta mata wajen tashi, ta koma wa tsohon mai gadin. Muryar Inna na nan lafiya lau. Tana ina?”

Abin da Malam ya amsa masa ba zai shiga sanarwar ta'aziyya ba.

Ta rasu ta bar madannai da linzami da firinta, duk lafiyarsu ƙalau, ba su da ƙofar da za su buga. Ta bar Ikrima, wanda ake shawarta kada ya zo gaisuwa wannan makon.

Game da jana'iza: ba za a yi zaman makoki ba, kuma ba a dafa komai ba. Duk mai babur ya hallara ƙofar gidan Malam gobe bayan sallar asuba. Rabi su bi hanyar Kongolam, inda aka ce ɗan gwangwanin ya nufa, rabi su yi garin Babban Mutum. Farin akwati gare ta, da tabon maganin sauro a samanta. Wanda ya riske ta, don Allah ya shiga tsakaninta da guduma.

In ana shakka ko ita ce, a kawo ta gida a rubuta mata layin Ikrima a tashe ta. In an kunna muryar, abu na farko da za a ji shi ne tarin wata tsohuwa, sannan ta ce, “Sharfu, wai akwatin nan yana ji na kuwa?”