Ranar da Darakta Ya Ja Igiya

Ƙauyen ƙarami ne, ko cikin tsibiran Dalmatiya ba kowa ya san sunansa ba, amma Allah bai hana shi babban mutum ba. Ya ba shi Lovre.

Lovre ya daɗe a Jamus. Ya dawo da tumbi, da agogo mai nauyi, da baƙin tabarau wanda ba ya cirewa ko cikin coci. A can, in ji shi, shi ne daraktan harkokin sufuri na wani babban kamfani. Wani ɗan garin da ya taɓa ziyartarsa ya tabbatar da cewa ya same shi a bakin aiki: yana zaune cikin ɗan ɗakin gilashi, mota ta zo ya ɗaga mata sanda, ta wuce ya sauke. To, ai duk sufuri ne. Daga nan aka sa masa Darakta. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don bai ga abin dariya cikin gaskiya ba.

Gidan su Lovre na da gado guda wanda ba a auna shi da kuɗi. Kowace shekara, ranar bikin Waliyyi Bitrus, majiɓincin masunta, akan fito da mutum-mutuminsa na katako daga coci a ɗora a kwalekwale. Sauran jiragen garin a ɗaure su a baya da igiya, wannan na bin wannan, a nufi ɗan tsibirin da ke tsakiyar ruwa inda ɗakin addu'a yake. Mata na waƙa, jirage na tafiya daidai da waƙar, waƙar kuwa ba ta san sauri ba. Tun zamanin kakansa, jirgin gidan su Lovre ne ke gaba, wani tsohon kwalekwale mai shuɗin fenti. Mahaifinsa, marigayi Barba Jerko, ya ja wannan igiya har tsufa ya cim masa. Wanda ke gaba ranar, shi ake fara gaisarwa a hanya har shekara ta zagayo.

Darakta yana son wannan gaisuwa ƙwarai. Kwalekwalen ne dai ba ya so. Warin kifi gare shi, injinsa kuma tari yake kamar tsoho.

Wata rana ya je birni, ya ga samari a bakin wani otal suna tsaga teku a kan babur ɗin ruwa, 'yan yawon buɗe ido na ɗaukar su hoto. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Da ya dawo, ya sayar wa Dujam, yayan matarsa, da kwalekwalen. Dujam mutum ne da ba ya gaggawar komai sai wannan ciniki. Kafin kofi ya huce sun tafa.

Babur ɗin ya iso ja wur, yana ƙyalli. Matarsa Nevenka ta zagaya shi sau ɗaya, hannu a ƙugu.

"Lovre, ina ake sa kifi?"

"Ba don kifi aka yi shi ba."

"Ni fa, ina zan zauna?"

"A baya, ki riƙe ni."

"Na riƙe ka shekara da shekaru, ban ga inda muka je ba," ta ce, ta koma wurin tukunyarta.

A shagon kofi na bakin tashar jiragen ruwa, inda tsofaffi ke buga kati, Darakta ya yi wa jama'a bayani kyauta.

"Ku matsalarku, ba ku san darajar lokaci ba. A Jamus, mutum ba ya tafiya, isa yake yi. Wannan na'ura da kuke gani, kafin Dujam ya gama lallashin injinsa na je tsibirin can na dawo."

"Me za ka yi a tsibirin, suruki?" Dujam ya tambaya, idonsa na kan kati.

"Ba abin da za a yi ake dubawa ba. Isa da wuri ake dubawa."

Kowa ya gyaɗa kai. Ilimi irin wannan ba kullum ake samunsa ba.

Gaskiya kuwa ya faɗa. Kowace safiya yakan ɗaura rigar kariya mai ruwan lemo a kan tumbinsa, ya je tsibirin kamar walƙiya, ya tarar ba kowa sai tsuntsaye, ya dawo kamar walƙiya. Lokacin da ya tanada yakan kashe shi a kwance, Nevenka na shafa masa man zaitun a baya, don babur ɗin ba ya sulhu da igiyar ruwa, dukanta yake. Man fetur kuwa sai can ɗaya gefen babban tsibirin da ƙauyen yake, a jarka, a bayan motar haya, a kan cinyar Darakta. Kifi suka ƙaura daga bakin gaɓa. Gidan da ya gaji kamun kifi ya koma cin wanda Dujam ya aiko, wanda aka kama da shuɗin kwalekwale. Darakta ya ce ɗanɗanonsa ya ragu.

Da biki ya matso, maganar da kowa ke yi a ɓoye ta fito fili: gaban igiya na gida ne, ko na jirgi? In na gida ne, na Lovre ne. In na jirgi ne, ya tafi tare da ciniki. Darakta bai jira a yanke ba. Ya sa farar riga ya je wurin Fada Mirko, limamin cocin.

"Fada, lokaci ya yi da Waliyyi zai shigo zamani. Zan ɗauke shi a baya, mu ɗaure shi da bel. Abin da ke cin rabin yini za mu gama kafin rana ta yi zafi."

Fada Mirko ya dubi silin na ɗan lokaci.

"Ɗana, Waliyyi ya tsufa, katakonsa ba ya son feshi. Bari ya zauna a jirgin da ya saba. Kai ka ja igiyar. In ka kai mu lafiya, wurin naka ne kamar yadda yake na mahaifinka. In kuwa ba ka kai mu ba, ka san al'ada: wanda ya kai Waliyyi, shi ke da gaba."

Darakta ya ji rabin farko da kyau.

Ranar biki da safe tasha ta cika. Aka ɗora Waliyyi cikin shuɗin kwalekwale, Dujam na riƙe da akala, Fada na gefe. Jirage suka jeru a baya. Na ƙarshe, kamar kullum, shi ne mai ɗauke da gawayi da kwandunan kifin gashi da tulunan ruwan inabi. A gaban kowa, ja wur, ga Darakta, agogo na walƙiya. Ya ɗaga hannu ɗaya kamar yadda ya saba ɗaga wa motoci sanda.

Mata suka ɗauki waƙa. Darakta ya matsa mai.

Igiya ta miƙe lokaci guda. Layin farko na waƙar ya ƙare cikin ihu, mata suka zube kan juna, Fada ya rungume Waliyyi irin rungumar da bai taɓa yi wa kowa ba.

"A hankali, Darakta!" wata tsohuwa ta ƙwala. "Ba asibiti za mu kai shi ba!"

Ya saki mai. Nan ya gano wani hali na na'urarsa da bai taɓa tsayawa ya lura ba: in ba a ba ta wuta ba, ba ta jin linzami. Ya murɗa hagu, ta ci gaba da sulalewa dama, ta juya gefe, har ya sami kansa fuska da fuska da Waliyyi Bitrus. Suka kalli juna.

Ya sake matsawa, aka sake zubewa. Ya saki, ya sake juyawa. Haka aka yi ta tafiya, fizga da tsayawa, waƙa na fita gutsi-gutsi kamar mai shaƙuwa, har aka kai tsakiyar hanya.

A nan ne akan tsaya don tunawa da magabata. Kowane gida na da kambin furanni da ganyen zaitun, ɗaure da zare mai tsawo, da ake jefawa cikin ruwa da sunan masuntan gidan da suka riga mu gidan gaskiya. Na gidan da ke gaba shi ake fara jefawa, a gaban jirgin gaba, jirgin ya bi ta kansa a hankali. Kwalekwale kan ture shi gefe cikin ladabi ya wuce. Nevenka ce ta kitsa na bana da hannunta, babba, da zare mai kauri, don surukinta Barba Jerko mutum ne da take ƙauna. Ta miƙe daga jirgin yayanta, ta kira sunansa, ta wurga.

Shi babur ɗin ruwa ta ƙarƙashinsa yake zuƙar ruwa ya fesar ta baya, kuma ba ya tambayar abin da ke cikin ruwan. Darakta ya cire tabarau, karo na farko da aka ga idonsa a wannan shekara, ya sunkuyar da kai, ya bi ta kan kambin. Aka ji wani gurnani, sai tari, sai shiru.

Irin shirun nan ne da garin ya manta da shi tun ranar da jan abu ya iso. Har kukan tsuntsaye aka ji.

Ya danna maɓalli. Ya sake dannawa. Ya yi wa na'urar magana da Jamusanci, harshen da take ji, amma ba ta amsa ba. Guntun zare na lilo a bayanta, da ganye biyu.

"Allah ya jiƙan Barba Jerko," tsohuwar nan ta ce a hankali. "Shi dama bai taɓa son gaggawa ba."

Ba wanda ya yi dariya, don wurin ba na dariya ba ne. Wasu dai tari ya kama su. Dujam ya jira daidai gwargwadon ladabi, sannan ya sunkuya ya kwance igiyar daga hancin jirginsa, ya ja igiyar injin. Tsohon injin ya yi tarinsa ya tashi. Mata suka ɗauki waƙa daga farko, ta fito santal.

Jirage suka wuce Darakta ɗaya bayan ɗaya, kowa na gaishe shi da girmamawa. Na ƙarshe ya jefa masa igiya. Haka ya isa tsibirin, a bayan gawayi, yana lilo, rana na gasa masa ƙeya. Tun da ya sayi babur ɗin bai taɓa zuwa wurin a hankali haka ba, kuma karo na farko ke nan da ya tarar da mutane a can.

Wajen cin kifi, da ya ji ƙarfi ya dawo, ya yi wa na kusa da shi bayani.

"Ku ba ku sani ba. A manyan kamfanoni, darakta a baya yake zama. Daga nan ake ganin kowa."

Suka gyaɗa kai, suka miƙa masa burodi.

Yanzu jan babur ɗin na tsakar gidansu ƙarƙashin itacen ɓaure, ana jiran wani ƙarfe da zai zo daga birni. Nevenka na shanya tawul a kan hannayensa, kyanwa ta gaji kujerar. A hanya kuwa Dujam ake fara gaisarwa.

Kwanan baya wani baƙo ya zauna a shagon kofi, ya ce yana tunanin sayen irin babur ɗin Darakta, ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu. Darakta ya gyara zama zai fara jawabi, amma Dujam ya riga shi, idonsa na kan kati.

"Yana da amfani ƙwarai," ya ce. "Ni ban taɓa ganin abin da ya amfane ni kamarsa ba. Sai dai ka tabbata surukinka ne ya saya."