Wanda Ya Kunna wa Hajiya Sakhan

"Lafiya lau na kwana, angon banza. Tsaya nan, kada ka zauna."

Hajiya Kabira na tsaye a ƙofar banɗaki da bokiti, tana yarfe hannu. Safiyar Juma'a ce a unguwar Hindawiyya ta Makka, so take ta yi wanka ta isa Harami kafin a tare hanya, amma famfo biyun duk tafasasshen ruwa suke zubowa. Jikanta Lurwanu, wanda bai daɗe da zuwa karatu daga Kano ba, sai washe baki yake.

"Wa ya taɓa mini sakhan?"

"Tankin ɗumama ruwan nan na jikin bango? Ni ne, amarya. Na murɗa jan famfo na ji sanyi ƙarara, na ce lalle matata ta tsufa har ta manta makunni. Ba sai kin gode ba."

"Baƙo makahon gari! A Makka da zafi rana ce ke dafa tankin saman soro. Shi ya sa muke kashe sakhan, ruwan cikinsa ya huce a inuwa. Jan famfo shi ne na sanyi!"

"Ja sanyi, shuɗi wuta? Ashe garin ne ya tsufa, ba ke kaɗai ba."

"Ka yi mini gyaran gangar Auzinawa. Fige ni za ka yi kamar kaza, ka auro yarinya?"

"Wace kaza? Irinki ko ta wuni a tukunya ba ta dahuwa."

"Kakanka da ya biya sadaki bai faɗi haka ba, balle kai mai ƙeya kamar murfin buta!"

"To jefa ganyen shayi ki shiga, ki fito da ƙamshi."

Ta dubi taga, rana ta ɗaga. Ta san ko an kashe wutar yanzu, tankin ba zai huce ba sai yamma.

"Wallahi in na rasa sahu yau, na sake ka."

"Mace ke saki?"

"A gidana, ƙwarai. Yalla, yi maza!"

Lurwanu ya kashe makunni ya sauka da gudu. Can sai ga shi daga kantin ƙasa, buhun ƙanƙara a kafaɗa, rigarsa sharkaf. Ya juye a bokiti, ya durƙusa.

"Ga lefe, ranki ya daɗe."

Hajiya ta tsoma yatsa, ta ƙara tsomawa, dariya ta ƙwace mata.

"Lefen da ke narkewa tun ba a kira dangi sun gani ba! To na karɓa. Tashi ka tare mini taksi, ka zauna gaba, a ce na yi miji."