Rasuwar Mataimaki a Kan Hanyar Malaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwar hannu mai cike da tsakuwa, ni Sifuna Makokha, malamin tarihi a Webuye, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗina, wanda aka fi sani da Mataimaki. Ya rasu ranar Asabar ta makon jiya da hantsi, a kan babbar hanyar Malaba, gab da Kanduyi, bayan rashin lafiyar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba.

Ɗalibaina ne suka raɗa masa sunan, domin shi ke yin aikin, ni ake gaisarwa.

Marigayin ya shigo gidana shekarar da matata Nanjala ta rasu a hatsarin matatu, wato ƙaramar bas ta haya. An binne ta a gidanmu na gado a Malakisi, kusa da ayabar da ta shuka, ni kuwa tun daga ranar ƙafata ta ƙi taka ƙofar motar haya. Ga kabarin da zan share duk Asabar, ga babu hanyar zuwa. Sai na sayi babur da furfurata.

Ya yi haƙuri da ni. Watannin farko a filin ƙwallon makaranta muka yi su, muna zagaya raga, ɗalibai na leƙe ta taga suna koyon abin da ba ya cikin manhaja. Da muka fita titi, gefe muke bi, tare da awaki da masu tallan gasasshiyar masara. In tankar mai ta taho daga baya, sai in tsaya cak, in sauke ƙafafu, in jira ta kusa kai Uganda. Bai taɓa yi mini gori ba. Iyakarsa ya yi tari da safe, sannan ya kama tuf-tuf-tuf ɗinsa, kamar dattijo mai ba da labarin da ba ya gaggawar ƙarewa.

'Yan acaban tashar kasuwa suka ɗauke mu nasu. Shugabansu Khaemba, wanda na taɓa kora daga aji, kullum sai ya ce, "Malam, sauka ka tura shi mana, ka fi saurin isa." Da damina ta kama, suka ɗaura wa Mataimaki doguwar lema irin tasu, mai rufe matuƙi da fasinja. Kyauta ce ta girmamawa. "Kada ruwa ya jiƙa mana tarihi," in ji Khaemba. Su sukan naɗe tasu in za su yi gudu a babbar hanya. Ba su ga dalilin gaya mini ba, domin babu mai hankalin da ya taɓa zaton ni da gudu za mu haɗu.

Amma mun haɗu. A hankali na daina tsayawa don tanka. Na koyi duba madubi ba tare da addu'a ba. Na koyi jin iskar tirela tana ture ni, in ba ta kafaɗa in ci gaba. Wata Asabar na isa Malakisi kafin mahaifiyata ta sauke shayi daga wuta. Ta dube ni ta ce, "Wa ya kawo ka?" Na zauna gefen kabarin na ba Nanjala labari, ita da ba ta yarda in hau ko tsani ba.

Ranar ajali, taraktar rake ce a gabanmu, tana tafe tana zubar da kaya kamar yadda suka saba. Na daɗe ina bin bayan irinta ina shan hayaƙi. Na duba, na ga fili, na murɗa. Marigayin ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, kuma zan iya rantsewa ta farin ciki ce. Muka wuce. Ina cikin yi wa direban kallon da na jima ina tanadi, sai tirela ta taho ta ɗaya hannun, iskarta ta shiga ƙarƙashin lemar. Ni aka ajiye ni a gonar masara. Shi ya kwanta a kwalta, taraktar da muka wuce ta iso a natse ta bi ta kansa. Tayar baya ta ɗan ci gaba da juyawa, sannan ta daina.

Ya rasu ya bar hular kwano, da madubin hagu, da lemar, wadda aka sauko da ita daga kan bishiya ko yagewa ba ta yi ba. Ya bar 'yata Naliaka, ma'aikaciyar jinya a Eldoret, wadda ta wanke mini ciwon da hannunta, ta ce, "Baba, wannan hanyar ta riga ta ci mini ɗaya. In ka sake hawa babur, kada ka ƙara nemana." Ya kuma bar kabari a Malakisi wanda ganyen ayaba ya fara rufewa.

Ana zaman makoki a garejin Wanjala, bayan gidan mai. Mai zuwa ya zo da kujerarsa. Ba a karɓar shawara.

Ranar Asabar da safe za a ɗora gawar a bayan a-kori-kura, 'yan acaba su raka ta suna danna hon har wurin masu gwangwan a Bungoma, kamar yadda suke raka nasu. Khaemba ya ce al'ada ce mai mamaci ya ja gaba, kuma zai ara mini babur ɗinsa. Na ce masa hannuna na rawa. Ya ce, "Malam, da ma can yana rawa."

Daga Bungoma masu rakiya na iya komawa gida. Mai mamacin zai zarce Malakisi a kan babur ɗin aron. An aika wa Naliaka wannan sanarwa kafin kowa ya gan ta. Har yanzu ba ta kira ba.