Malam Bitrus Yana Gaishe Ku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai gaisuwar Malam Bitrus ba, kuma na tabbata mutum ukun da na kai wa su ma ba su manta ba. Har gobe in na bi ta gaban makarantar nan a Yelwa, sai in ce wa ɗan kabu-kabu ya ƙara wuta.

Malam Bitrus shi ne hedimastanmu na firamare a Wara. Dogo ne, siriri, kullum da jan biro a bayan kunne. Shi ya koya mini rubuta wasiƙa. Duk ranar Alhamis sai ya sa mu rubuta wa wani, ko hakimi, ko kawu, ko wani kamfanin da shi da kansa ya ƙirƙiro, washegari ya dawo mana da takardun sun yi jawur. Da na gama aji shida Baba ya ce karatun ya isa haka, in bi shi ruwa in koyi su. Malam ya tako da kekensa har bakin tafki, ya zauna a kan wani kifaffen jirgi yana lallashin Baba tun hantsi har la'asar. Da wannan zaman na je sakandare, da shi na je jami'a. Daga baya ya yi ritaya ya koma ƙauyensu ta wajen Shanga, mu kuma da Baba ya rasu muka dawo Yelwa ni da Inna, tana sayar da bandar kifi a kasuwa.

Ina gama hidimar ƙasa ya kira ni. "Ɗana, an samu?" Na ce ana nan ana nema. Bayan wata biyu ya sake kira, tambayar dai ita ce, amsar ma ita ce. Ya kira na uku. A na huɗu na riƙe wayar a hannu ina kallon sunansa har ta gaji ta yi shiru.

Ba don ba na son jin muryarsa ba. Wallahi kewarsa nake yi kamar me. Amma na riga na tsara yadda za mu haɗu, kuma a tsarin nawa babu "ana nan ana nema". Zan sa farar shadda, in ɗauki kwandon banda daga wurin Inna, in same shi a ƙofar gida, in durƙusa in miƙa masa takardar kama aiki. Shi kuma ya zaro jan biro ya fara neman kuskure a ciki. Na maimaita wannan a raina har na san inda zan ajiye takalmina. Haka shekara uku ta wuce, ni ban je ba, shi kuma ya daina kira.

Rannan na ji wata makarantar kuɗi a Yelwa tana neman malamin Turanci. Na garzaya shagon Ɗan'asabe mai kwamfuta, kusa da kasuwa, don a gyara mini sibi, wato takardar nan da mai neman aiki yake zayyana karatunsa da halayensa. Ɗan'asabe sibi ɗaya gare shi tak, suna kawai yake sauyawa. Duk wanda ya shiga shagonsa zai fito mai ƙwazo, mai gaskiya, mai iya aiki da jama'a, mai sha'awar karatu da tafiye-tafiye (tafiyata mafi nisa a shekarar ita ce Kontagora, ita ma ɗaurin aure ne). Wasiƙar neman aikin ma guda ce, irin mai durƙuso tun daga layin farko, wadda da Malam ya gani da sai ya nemo biro na biyu.

Muka zo shafin ƙarshe, inda ake sa mutum uku da za su ba da shaida a kanka. Na ba shi sunan wani tsohon kansila da muka taɓa gaisawa a wurin suna. Na ba shi na wani malaminmu na jami'a wanda ko mun yi karo a hanya ba zai gane ni ba. Na uku na sa Malam Bitrus da lambarsa, kuma a takardar nan kaf, shi ne abu ɗaya da na faɗa da gaske.

Na ce, "Ba sai na sanar da su ba?"

Ɗan'asabe ko ɗago kai bai yi ba. "Ka sanar da su mi? Shekara nawa nika wanga aiki, ban taɓa jin an kira kowa ba. Kai dai kawo suna da lamba."

Sai na ji daɗi, don in da kira wajibi ne, da sai na kira Malam na ce masa har yanzu nema nake.

Ranar intabiyu Inna ta yi mini addu'a har da tofi a ka. Na aro takalmin Kawu, na ɗauki fayil, na isa tun kafin a buɗe ofis. Mutum uku na tarar a ciki. Shugabar makarantar, wata Hajiya mai fara'a, tana tsakiya. A damanta wani saurayi ne da kwamfuta. A hagu kuma wani dattijo mai tabarau, yana ta bin takardata da yatsa, kuma na lura daga shafin ƙarshe ya fara.

Tambayoyin farko na amsa su lafiya lau. Hajiya na gyaɗa kai, saurayin na latse-latse, ni kuwa har na fara jingina da kujera. A raina na riga na kai wurin tela da farar shadda.

Sai dattijon ya yi gyaran murya. "Wanga Malam Bitrus da kas sa, ka san shi da kyau?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai uba ne a wurina." (Wannan gaskiya ce, kuma da na tsaya a nan da na tsira.)

"Yaushe rabonka da shi?"

Me zan ce? In ce uba ne, sannan in ce shekara uku ban ɗauki wayarsa ba? Bakina ya riga ni. "Satin da ya wuce na je can."

"To. Yaya kas same shi?"

"Garau, ranka ya daɗe. Sai dai tsufa."

Ya ci gaba da kallona ta saman tabarau, ni kuma shiru ba ya yi mini daɗi, sai na ci gaba da cika shi. Na ce mun daɗe muna hira a ƙofar gida. Na ce shi ya duba mini wasiƙar nan ma, da jan bironsa. Na ce ya rako ni har bakin hanya yana tura kekensa. Duk abin da na shekara uku ina so ya faru, na zazzage shi a kan teburin nan kamar ya faru, har idona ya ɗan kawo ruwa don daɗin labarin. Sannan na rufe da abin da ya ƙarasa ni: "Har ya ce in na zo in gaishe ku."

Dattijon ya cire tabarau ya ajiye a hankali.

"Muna amsawa," in ji shi. "Ka hi mu sa'a, yaro. Mu da damanar bara munka binne shi."

Hajiya ta ja gyale ta rufe baki. Saurayin ya tsura wa kwamfutarsa ido. Ni kuma, maimakon in nemi gafara, sai na ji kaina ina cewa, "Ko dai wani Malam Bitrus ɗin ne?"

"Lambar ga da kar rubuta, ni nis saya mai layin. Wana na, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ban san yadda na miƙe ba. Na dai tuna na ce na gode, na tura ƙofar da jawowa ake yi, na sake turawa, har saurayin ya taso ya buɗe mini. Ina bakin get dattijon ya cim mini da fayil ɗina da na manta. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kai na ɗan masuncin nan na Wara ko? Tahi ka gaida matatai."

Aikin dai ban samu ba, kuma ko ni ne Hajiya ba zan ɗauki kaina ba.

Bayan kwana uku na shiga motar Shanga, daga bakin titi na hau kabu-kabu. Ba shadda, ba takarda, sai 'yar banda a leda. Na tarar da matar Malam, Mama Rifkatu, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Tun kafin in gama sallama ta kira sunana. Na durƙusa na fara jero uzurori, ta ɗaga hannu.

"Bari, ɗana. Ai ya sani. Kullum yakan ce, yaron ga bai samu ba, da ya samu da mun gan shi. Har yana kwance yac ce a kira mai kai, nic ce ba ka ɗauka. Yay yi dariya yac ce, ji wawan yaro, shi yana zaton aikin nika son gani."

Ta nuna mini kabarin a bayan cocinsu. Na tsaya a wurin har ɗan kabu-kabu ya fara yi mini hon.

Tun daga nan, duk wanda zan sa a takarda sai na je da ƙafata na gaishe shi, na ga yana zaune yana numfashi. Mutane na cewa ladabi gare ni, ni kuwa na san tsoro ne. Kuma duk wanda ya kira ni ɗauka nake yi, ko da na san "an samu?" zai tambaya. Sai in ce ba a samu ba. Ashe maganar ba ta kai numfashi ɗaya ba, kuma da na faɗe ta tun a kira na huɗu, da na ƙara jin ya ce mini ɗana.