Rasuwar Baron Aikin Gayya na Bani Malik

Da zuciya cike da baƙin ciki, da tafin hannu cike da kanta, ni Bawa Na'ibi nake sanar da 'yan'uwa Takari mazauna Jidda rasuwar baronmu, mai ƙafa ɗaya, mai hannu biyu, wanda shi kaɗai ne a ƙungiyar gyaran magudanar ruwa ta unguwar Bani Malik bai taɓa aiko da uzuri ba.

Marigayin ya shigo aiki bara, bayan ambaliyar da ta sauko daga duwatsu ta tarar da magudana cike da yashi, ta karkata ta shige ɗakin Iya Rahamatu, tsohuwar da gidanta ke can gangare. Tun ranar yake kwasar yashi da gwangwanaye. Ba ya shan shayi, ba ya ba da shawara, bai taɓa neman kujerar shugaba ba. Maganarsa ɗaya ce, "ƙiii, ƙiii", wadda masana suka fassara da roƙon mai. An yi zama a kan man, an kuma ɗage zaman.

Da ƙoƙarinsa aka yashe magudanar daga masallaci har gidan burodi. Daga nan zuwa ƙofar Iya Rahamatu kuwa tana nan yadda muka gaje ta, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Ciwon ajali ya same shi ne a hannun 'yan aro. Ya kai kayan alhazai tasha, ya ɗauko ƙanƙarar walima, ya taɓa kai rago har unguwar Ammariyya. Ya cika ranar Talata, gindinsa ya ɓalle ɗauke da duwatsun gayya, a hanyar da ta nufi sabuwar katangar mataimakina Malam Mahmudu. Ba ma zargin kowa, wataƙila ɓatan kai ya yi. Ni dai na yi kuka, don da shi nake hira idan na waiga ban ga kowa ba.

Ya bar shebur biyu, da diga mai girgiɗi, da mambobi masu yawa da ba su taɓa riƙe hannunsa ba.

Mun lura mutanenmu ba sa zuwa gayya, amma ba sa rasa jana'iza. Saboda haka za a yi ta ranar Juma'a bayan sallar asuba. Kowa ya zo da kwano ko kwando, don yanzu kawunanmu ne za su ɗauki abin da marigayi yake ɗauka. Kabarin zai ɗan yi tsawo: daga gidan burodi har ya wuce ƙofar tsohuwa, kuma ba za a mayar da ƙasa ba. Shayi sai an gama.

Zaman makoki a gidan Iya Rahamatu, in ruwa bai riga mu zuwa ba.