Muryar da na kai ƙara taron iyaye

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara na kwalejin Buza ba, shekarar da ɗiyata Rabi za ta yi jarrabawar birebe. Ni dai ban taɓa zama aji ba, ƙosai nake toyawa a bakin tasha, amma in ana batun tsaron ɗiya, ina ganin babu wadda ta fi ni ido.

Kawunta ne ya aiko mata da salula daga Madawa. Tun daga nan, da ta dawo lakkwal, wato makaranta, sai ta zagaya bayan rumbu (nan kaɗai resho, wato layin waya, ke kamawa a gidanmu), ta manna abin a kunne. Na laɓe na saurara: muryar namiji ce, yana ta zuba Faransanci a hankali, ita kuwa tana gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Kullum shi! Na tuna abin da mata ke faɗi wajen niƙa, cewa ta cikin salula ake lalata ɗiyan mutane yanzu.

Na fizge salular. Ta ce, "Inna, tsaya ki ji..." Na ce, "Rufe mini baki, ba ni jin komi!" Na naɗe salular a tsumma, na tura cikin tukunyar gero. Kwana goma tana kuka, ni kuwa ina jin kaina gwana.

Ranar taro, mai gidana ya tafi cin kasuwar Karofane, sai na ciro salular da tsummanta, na ɗaura ɗankwalina na tafi. Direktan makaranta ya fara maganar illar salula ga yara. Ai kuwa ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na miƙe na karɓi abin magana, na ce, "Jama'a, ni na zo da shaida. Ku ji ƙaton da ke hure ma ɗiyata kunne!" Wata mata ta latsa mini, na kara salular a bakin lasifika.

Murya ta cika fili. Waɗanda suka yi boko suka fara duban juna, wani ya toshe baki da hula. Na ɗauka rashin kunyar maganar ce ta kai haka, sai na ƙara ɗaga hannu (wayyo ni). Can wani siririn mutum mai tabarau ya miƙe daga bencin malamai, ya ce, "Inna, wagga murya tawa ce."

Na ce, "Madalla, ka tona kanka! Mi kake gaya mata?"

Fili ya fashe da dariya. Ni dai na tsaya ina waige-waige, ban san inda aka dosa ba. Sai da direkta ya share hawaye, sannan ya yi mini bayani: wannan mushen lissafi ne, wato malamin su Rabi. An yi yajin aiki watannin baya, karatu ya koma baya, shi ne yake aika wa ɗalibai darasi ta murya, dukan ajin, maza da mata. Abin da na saka wa gari, yadda ake auna faɗin da'ira ne.

Mushen bai ko yi fushi ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya ce, "Kwana goma Rabi ba ta aiko amsa ba, ita da ke fara aikowa. Saura sati ukku jarrabawa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zo kare sunan ɗiyata, sai ga shi da bakina na raba wa Buza duka.

A gida na miƙa mata salular, gero na zuba daga tsumman. Ta ɗauki littafinta ta nufi bayan rumbu. Na bi ta da kujera, don kar ta zauna ƙasa.

Har yau ina sa ido kan salula, ban daina ba. Amma na koyi abu guda: in ban gane magana ba, cikin ɗaki nake tambaya, tun ban tara gari ya fassara mini ba.