Saniyar da ke Barci a Gwangwani

A unguwar mahauta ta Rafin Kuka akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Tabawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata wuƙaƙe da ɗa ɗaya. Akwai ɗan, Sallau, ɗan dambe, wanda wuyan hannunsa na dama ya kumbura tun wasan Sallah. Sai ƙanenta Nomau, mai shekara arba'in, mutumin da in an ce ya jira, gobe ma nan za a tarar da shi. Ba ya gardama, ba ya mantuwa. Da yana mantuwa da an huta.

Saura wata guda babban damben kaka, inda Sallau zai kara da Bahagon Yamma. Wani abokin Sallau, direba, ya kawo masa gwangwanin garin romon ƙashi daga birni, ya ce 'yan wasa na sha, wai akwai sinadarin kolajin a ciki mai gyara gaɓoɓi. Nomau ya tambayi yadda ake yin sa. Aka ce ƙashin saniya ake dafawa har ya saki, a busar da romon ya zama gari. Ya daɗe yana kallon gwangwanin. "Ashe saniya ce a ciki," in ji shi, "tana barci." Tun daga nan da hannu biyu yake ɗaukarsa.

Wata rana Sallau ya ce, "Kawu, kwaɓa mini maganin hannun nan, zan ɗan kishingiɗa." Nomau ya kwaɓa da kauri, ya shafe hannun da shi har gwiwa kamar lalle. Sallau ya yi mafarkin 'yan mata na yi masa fifita a fage. Da ya farka, karnukan unguwa uku ne a kansa, suna lasa cikin ladabi. "Sha ake yi, Kawu!" "To ai sun sha," in ji Nomau.

Wata rana Tabawa ta ce ya ajiye gwangwanin wuri mai sanyi, inda rana ba ta kaiwa. Ya danne murfin, ya sa shi a guga, ya zura rijiya. Ya wuni a bakinta yana kallon gwangwanin na yawo a kan hoton gajimare. Mata suka jeru da tuluna, ya hana su ja. "Ku yi magana a hankali," ya ce, "yau ta samu ta fita kiwo."

Wata rana ya sami umarni biyu kafin azahar. Sallau ya leƙa gwangwanin ya ce, "Kawu, kada ka bari garin nan ya ƙare." Tabawa kuwa, wadda ba ta kiran sunan ɗan farinta, ta ja shi gefe ta ce, "Kada ka bar yaron nan ya shiga fage sai ya shanye garin nan kaf." Wani zai ga maganganun sun ci karo. Nomau ya ga sun zauna daidai. Kullum sai ya dangwali garin da kan tsinke ya kaɗa a koko, gwangwanin ya tsaya a rabi.

Wata rana aka wayi gari ranar dambe ta zo. Da la'asar kalangu ya ɗauka, ana jin maroƙi na kiran sunan Sallau daga fage. Sallau ya fito ya tarar da Nomau zaune a ƙofar zaure, gwangwani a cinya, ya danne igiyar naɗe hannu a ƙarƙashinsa.

"Kawu, tashi."

"Bai ƙare ba."

"To ba ni in shanye yanzu!"

"Kai ka ce kada ya ƙare."

"Inna, yi masa magana!"

Tabawa ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba. Mutum ba ya dukan kawunsa, ba ya tsallake shi. Kiɗa ya yi ta kira har ya gaji, aka ji maroƙi na shelar cewa Sallau ya gudu. Don haushi Sallau ya kai wa wani buhun gero naushi, naushi ɗaya, ya durƙusa yana riƙe da hannu.

Aka kira Malam Barmo maɗori. Ya bi ƙashin da yatsa, ya ce, "Wannan tsagewar ta daɗe, gari ba ya ɗinke ta. Buhu kawai ka nausa ya yi maka haka. Da kan Bahago ka samu, ko wuƙar ubanka ba ka ƙara riƙewa." Ya ɗora hannun, ya ce kwana arba'in.

Ranar da aka kwance ɗorin, Sallau ya murza wuyan hannunsa, ya zauna gaban kawunsa a ƙofar zaure ya ce, "Na janye maganata. A bar shi ya ƙare." Ya dama sauran garin ya shanye. Nomau ya karɓi gwangwanin, ya leƙa, ya kara shi a kunne.

"Ta tashi," in ji shi. Ya matsa daga bakin ƙofa, ya miƙa masa igiyar.